Babur mai caji a Maraɗi: Wa zai riƙe batir, kuma daga ina wutar za ta fito?

Duk wanda ya zauna a Maraɗi a watan Maris na 2025 ba zai manta da layukan gidajen mai ba. Ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai a Agadem, take kuma tace shi a Damagaram, ta wayi gari ƴan kabu-kabunta suna tura babura da ƙafa suna neman lita guda. Ga matashin da cefanen gidansu ke rataye a kan abin da ya samo tsakanin safe da dare, yinin da ya ƙare a layi yini ne da tukunya ba ta hau murhu ba.

Tun daga lokacin maganar babur mai caji ta ƙara samun masu saurare a majalisun matasa, haka ma a tsakanin ƴan ƙasar da ke neman kuɗi a Libiya, Aljeriya, Lome, Abijan da Saudiyya, waɗanda da yawansu kan turo kuɗi gida a saya wa ƙane babur ya kama sana'a. Sun ga bidiyon ƴan acaɓar Kotonu da Kigali suna sauya batir cikin minti biyu suna ci gaba da aiki, suna kuma tambayar ko hakan zai yiwu a gida.

Zai yiwu, amma lissafin Maraɗi daban yake da na waɗancan biranen. A nan man fetur na da araha, wutar lantarki ba ta da tabbas, zafin bazara kuma maƙiyin batir ne. Saboda haka wanda zai ci ribar wannan kasuwa shi ne wanda ya mallaki batiran, ya samar musu wutar rana, ya kuma iya kare su daga zafi. Sayar da babur ɗin kansa shi ne ƙaramin ɓangaren cinikin.

Yadda lissafin mai ya juye

Shekara da shekaru baburan Maraɗi man Najeriya suke sha. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, jarkoki na tsallako iyaka, ƴan ruwa-ruwa na jera kwalabe a bakin titi, farashinsu kuma ƙasa da na gidan mai. Tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya domin ƴan ƙasarta shi ke rage wa ɗan kabu-kabun Bagalam da na Sabon Gari tsadar aiki.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin ƴan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Ribar fasa-ƙwaurin ta ragu ƙwarai, masu ababen hawa suka koma gidajen mai.

A ɓangaren Nijar kuwa, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashi a watan Yulin 2024, litar fetur ta sauko zuwa sefa 499. Jama'a sun ji daɗi, amma buƙata ta ƙaru a daidai lokacin da man Najeriya ya ja baya. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kuma kamfanin SONIDEP mai rarraba man ya amsa cewa abin da ke fitowa daga matatar bai isa ƙasar ba. Abin da ya haifar da layukan Maris ke nan.

Darasin da ɗan kabu-kabu ya ɗauka shi ne cewa arahar mai ba ta da amfani ranar da babu shi. Wannan fargabar, fiye da tsada, ita ce ƙofar da babur mai caji zai iya shigowa ta cikinta.

Lissafin aljihu

A ɗauki misalin matashin da ke yin kilomita 100 a yini a kan Kasea ko Boxer. Da fasinja, da kaya, da yashin unguwanni, zai iya ƙona lita 3, wato kusan sefa 1,500. Babur mai caji mai irin wannan ƙarfi kan ci kimanin kWh 4 zuwa 5 a wannan tazara, kWh kuwa shi ne ma'aunin da mitar wuta ke ƙirgawa. Ko da an ƙaddara kowane ɗaya a sefa 130, kuɗin wutar yini bai wuce sefa 650 ba.

Bambancin ya kama sefa 850 a rana. Idan ya yi aiki kwana 300 a shekara, ya tara kusan jika 255, ban da kuɗin baƙin mai, fulogi da gyaran kafireta da ya huta da su.

Kuɗi ne mai auki, amma a gwada shi da na maƙwabta. A shekarar 2025 litar fetur a Togo da Benin na kusa da sefa 700, a Burkina Faso kuma 850. Da irin wannan lissafi, ɗan acaɓar Lome zai rage kusan sefa 1,450 a rana, na Wagadugu kuma kusan 1,900. Ke nan arahar man Nijar ta sa ribar sauyawa ta fi ƙanƙanta a Maraɗi, kuma wannan na daga cikin dalilan da za su sa manyan kamfanoni su fara duba wasu kasuwanni kafin su waiwayo nan.

Sai kuma batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin. Cibiyar BloombergNEF ta ce a 2024 matsakaicin farashin batirin lithium a duniya ya sauko zuwa dalar Amurka 115 kan kowane kWh. Batirin babur mai kWh 3 zai kama dalar Amurka 345 ke nan, wajen jika 200. Sai dai wannan farashin manyan masana'antu ne masu saye da yawa. Kafin ƙaramin batir ya bar China, ya sauka a tashar jirgin ruwa, ya biya duwan ya iso Maraɗi, zai haura haka nesa. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa, hanyar da ta fi tsawo da tsada.

Wutar daga ina?

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma. Kafin 2023 Nijar na sayo kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita daga Najeriya. Yankin Maraɗi na samun kasonsa ta babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, inda yake rabuwa, wani reshe ya nufi Maraɗi wani ya nufi Damagaram.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. Ko bayan dawowarta, a watan Afrilun 2025 ministar makamashi Haoua Amadou ta ce megawat 46 Najeriya ke bayarwa a maimakon 80 da aka saba. Ita kanta arewacin Najeriyar ta shafe fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan da ke kai mata wuta.

Wato idan ɗan kabu-kabu ya bar fetur ya dogara da wutar NIGELEC kaɗai, ya sauya dogaro da iyaka ɗaya da wata dogaron da iyakar dai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kowane gida ke kunna fanka kuma ɗauke wuta ke ƙaruwa, babur ɗin da ke buƙatar awa huɗu zuwa shida a jone cikin dare zai iya kwana bai cika ba.

Abin da Maraɗi ke da shi a wadace shi ne rana. Farantin sola mai ƙarfin kilowat 1 kan iya samar da kimanin kWh 4 zuwa 5 a yini a wannan yanki, daidai abin da babur ɗaya ke ci. Manyan faranti biyu na zamani sun isa babur guda, faranti 40 kuma za su riƙe babura 20. Ƙasar ta riga ta ga misali a tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 a Yamai, ga kuma farantan da suka cika kasuwa tun bayan katsewar wutar 2023.

Sai dai akwai cikas. Rana na fitowa ne a daidai lokacin da babur ke kan titi yana neman kuɗi. Ba wanda zai ajiye abin sana'arsa daga hantsi zuwa la'asar yana jiran caji. Dole batir ya rabu da babur, ɗaya na aiki a titi ɗaya na shan rana a shago.

Tsarin tukunyar gas

Mutanen Maraɗi sun san wannan tsari ko da ba a kan babur ba. Uwargida ba ta jiran a cika mata tukunyar gas, takan kai wadda ta ƙare ta karɓi cikakkiya. Haka tashar sauya batir take aiki. Batirin na kamfani ne, direba wutar da ke ciki kawai yake biya.

Kamfanin Gogoro ne ya yaɗa tsarin a Taiwan daga 2015. A Afirka, Ampersand ya fara shi da ƴan acaɓar Kigali a 2019. Spiro, wanda ya fara da sunan M Auto a Benin da Togo a 2022, ya bazu zuwa Ruwanda, Yuganda, Kenya da Najeriya, inda ya shiga ta jihar Ogun a 2024. A Oktoban 2025 ya sanar da samun jarin dalar Amurka miliyan 100, mafi yawansa daga asusun zuba jari na bankin Afreximbank. Zuwa ƙarshen 2025 Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da yake aiki.

Amfanin tsarin ga direba a bayyane yake. Babur ba tare da batir ba ya fi araha, kuma idan batirin ya tsufa asarar mai tasha ce. Ga mai tashar kuwa lissafin na da tsauri. Dole kuɗin da zai caji direba ya zama ƙasa da sefa 1,500 ɗin fetur, in ba haka ba ba wanda zai zo. A ce ya karɓi 1,200 a kan kowane kilomita 100. Idan aka cire kuɗin wuta, abin da ya rage masa wajen sefa 550 ne a rana kan kowane babur, jika 165 a shekara. Kowane babura biyu kuma na buƙatar aƙalla batir uku, domin a samu na musanya. Idan batir ɗaya ya iso a jika 400, sai ya yi shekara uku da rabi kafin jarinsa ya dawo, ban da haya da albashin yara.

Batir mai kyau na iya jure caji sau 2,000 ko fiye, wato sama da shekara shida idan ana caja shi sau ɗaya a kowace ranar aiki, kwana 300 a shekara. Tazarar da ke tsakanin shekara uku da rabi da shekara shida ita ce ribar. Idan zafi ya cinye shekara biyu daga rayuwar batirin, ribar ta tafi.

Tibiri, Maraɗi, Jiratawa

Abin da ke goyon bayan Maraɗi shi ne yanayin zaman garuruwanta. Tibirin Gobir na da nisan kimanin kilomita 12 a kan babbar hanyar zuwa Gidan Rumji, Jiratawa kuma kusan haka take daga kudu, ta ɓangaren Madarumfa. Baburan aiki masu caji da ake amfani da su a Afirka yanzu kan yi kilomita 70 zuwa 90 da batir ɗaya. Direba zai iya zuwa Tibiri ya dawo sau uku kafin ya nemi musanya. Tasha ɗaya kusa da babbar kasuwa, ɗaya a Tibiri, ɗaya a Jiratawa, sun rufe yawancin zirga-zirgar yau da kullum.

Kowane gari da irin kasuwarsa. Cikin birni, wanda ƙidayar 2012 ta ce yana da mutum 267,249 kuma ya faɗaɗa sosai tun daga nan, tafiye-tafiyen gajeru ne, tsaya-tashi, irin wanda injin lantarki ya fi na fetur iyawa domin ba ya cin komai idan yana tsaye. Hanyar Tibiri ta ma'aikata ce, ɗalibai da ƴan kasuwa masu sammako su dawo da yamma, kwalta ce kuma shimfiɗaɗɗiya.

Jiratawa ce ta fi ban sha'awa. Filin noman rani da aka shimfiɗa can a farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da hekta 500 a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, da famfunan lantarki yake jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Manoman wurin sun daɗe da sanin zafin takardar kuɗin wuta da asarar da ɗaukewarta ke jawowa. Daga nan zogale, tumatir, tattasai da albasa ke shigowa birni kullum, musamman ranakun Litinin da Juma'a na cin kasuwar Maraɗi. Farantan da za su juya famfo su ne za su iya caja batir a lokutan da ba a ban ruwa, musamman da damina. Ƙungiyar manoman da ta haɗa sana'o'in biyu za ta mayar da kuɗin farantanta da wuri fiye da wadda ta tsaya a kan ɗaya.

Inda tsarin zai gaza shi ne ƙauyukan nesa. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar kaɗai ke da wutar lantarki, mai zuwa cin kasuwar ƙauye mai nisan kilomita 60 zai ci gaba da dogaro da kwalbar fetur na tsawon lokaci.

Irin babur ɗin da zai iya da Maraɗi

Ƙananan baburan caji na China da suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, ciki har da Kano, an ƙera su ne domin mutum ɗaya a kan titi mai santsi. Da yawansu batirin dalma ne a ciki, irin na mota, wanda kan gaji bayan caji ƴan ɗaruruwa, zafi kuma na ƙara rage masa kwana. Sun dace da ɗaliba ko ma'aikacin da ke yin kilomita 15 a rana. Wanda ya sa irinsu a kabu-kabu zai gane cewa araha ba ta ado.

Babur ɗin sana'a na buƙatar abubuwa biyar.

Na farko, batir mai jure zafi. A bazara ma'aunin zafi a Maraɗi kan wuce digiri 40, masu ƙera batirin lithium kuma na gargaɗin kada a caja shi idan ya haura digiri 45. Indiya ta ɗanɗana wannan a 2022, lokacin da baburan caji suka yi ta kamawa da wuta, har kamfanin Ola Electric ya janye guda 1,441 daga hannun masu saye, gwamnati kuma ta tsaurara dokokin ingancin batir. Nau'in da ake kira LFP ya fi sauran jure zafi, ya fi daɗewa, ba ya kuma buƙatar ma'adinin kobal mai tsada. Ya fi nauyi, amma ga Sahel nauyi ya fi gobara sauƙi. Shagon cajin ma dole ya zama mai inuwa da iska, ba rumfar kwano ba. Ginin ƙasa mai kaurin bango, irin na iyaye da kakanni, zai fi kwantena amfani.

Na biyu, inji a tsakiya. Wasu baburan injinsu na cikin ƙafar baya, abin da ke sa cire taya domin faci ya zama aiki, ga shi yana shan duka a ramuka. Injin da aka ɗora a tsakiya yana juya ƙafa da sarƙa ya fi ƙarfin ja a cikin yashi, kuma kowane mai faci zai iya kwance tayarsa yadda ya saba. Irin wannan zubi kamfanin Roam na Kenya ya bi.

Na uku, kariya daga ƙura da ruwa. Ƙurar hunturu na shiga ko'ina, damina kuma na zuwa da nata. A ranar 30 ga Agustan 2024 ruwan sama mai yawan milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka rasu, unguwanni suka zama tafki. Batir da wayoyin da ba a rufe su ruf ba ba za su kai damina biyu ba.

Na huɗu, jiki irin na Boxer: doguwar kujera, kariya mai ƙarfi, tsayi daga ƙasa, da ƙarfin ɗaukar mutum biyu da buhu. Idan tayoyi, birki da sarƙa iri ɗaya ne da na baburan da ake da su, shagunan kayan gyara na yanzu za su ci gaba da ciniki.

Na biyar, batirin da zai yi aiki biyu. Batir mai kWh 3 zai iya riƙe fitilu, fanka da cajin wayoyin gida har gari ya waye. A garin da ake yawan ɗauke wuta, wannan kaɗai zai iya jawo mai saye. Idan kuma batir ɗaya zai shiga babur ya shiga adaidaita, tashar ta samu kwastomomi iri biyu.

Nan gaba kaɗan akwai batirin sodiyam, wanda ake yi da sinadarin da ke cikin gishiri a maimakon lithium. Kamfanin Yadea na China ya fitar da ƙananan babura masu irinsa a farkon 2025. Idan ya yi araha kamar yadda ake hasashe, lissafin shekara uku da rabi zai ragu.

Jarin wa?

An san Maraɗi da Alhazanta, ƴan kasuwar da suka gina dukiya daga gyaɗa, fata, atamfa da cinikin iyaka, har masani Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Al'adarsu ita ce saro da sayarwa, kuɗi ya juya cikin wata ɗaya ko biyu. Tashar batir kuwa kamar gina gidan haya ce, a zuba da yawa yau a riƙa tsinta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru. Wanda ya shigo da kwantena ɗaya na babura ya sayar ya juya baya zai ci riba sau ɗaya, ya bar wa garin babura matattu da mummunan suna ga fasahar.

Hanyar biya ma na da muhimmanci. Yawancin ƴan kabu-kabu ba su da kuɗin saye hannu da hannu, da yawa ma babur ɗin na wani ne, suna kai masa wani abu kullum. A garin da mutane ke ƙyamar bashi mai kuɗin ruwa, tsarin murabaha ko haya mai ƙarewa da mallaka, irin wanda bankunan Musulunci ke yi, zai fi karɓuwa. Kamfanonin tura kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, da kuma Airtel Money, sun riga sun sauƙaƙa biyan kullum.

Akwai haɗarin da ya kamata direba ya sani. Batirin kowane kamfani babur ɗinsa kaɗai yake shiga. Idan kamfanin ya ƙara farashi, ko ya rufe tashar unguwa, ko ya karye, babur ɗin ya zama ƙarfe. Irin waɗannan babura kuma na ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke, ana iya kashe su daga nesa. Wannan kariya ce daga ɓarayi, kuma abu ne mai amfani a yankunan Madarumfa da Gidan Rumji masu fama da ƴan bindiga, amma igiya ce a hannun mai bin bashi. Ko Honda, Yamaha, KTM da Piaggio sai da suka haɗa ƙungiya a 2021 domin neman batir iri ɗaya, alamar cewa matsalar ta duniya ce.

Waɗanda abin zai taɓa

Ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da baƙin mai da kanikawan inji su ne za su fara jin sauyin. Injin lantarki ba shi da fistan, ba shi da kafireta, ba a yi masa juye. Sai dai sauyin ba na dare ɗaya ba ne, baburan fetur za su daɗe a titi. Sabbin ayyukan da za su fito, wato haɗa sola, gwajin batir da gyaran na'urar sarrafa wuta, na buƙatar horo. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar koyon fasaha ta Dan Kassawa na cikin garin, masu gyaran waya da na sola kuma sun riga sun san rabin aikin.

Maiduguri ta nuna cewa ba sai an jira Turai ba. A can Mustapha Gajibo ya fara da mayar da ƙananan motocin haya masu fetur zuwa masu lantarki, daga baya ya shiga ƙera nasa. Garin da ke da zafi da ƙura irin na Maraɗi ne, da matsalar wuta da ta fi tata.

Abin da ke hannun hukuma

A duk inda baburan caji suka yi yawa, akwai hannun gwamnati. Ruwanda ta cire musu harajin shigo da kaya a 2021, ta rage wa tashoshin caji kuɗin wuta, daga Janairun 2025 kuma ta daina yi wa sabbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali. Kenya ta ware farashin wuta na musamman domin ababen hawa masu caji a 2023.

Nijar na da nata dalilin. Duk litar da babur bai ƙona ba sauƙi ce ga SORAZ da SONIDEP. Sassauta duwan a kan batirin LFP da kayan haɗa babur, hana shigo da batir maras inganci, da tsara yadda za a tattara waɗanda suka mutu domin kada dalma ta gurɓata ƙasa da ruwa, duk matakai ne da ba su buƙatar kuɗi masu yawa. Ma'aikatar magajin gari kuma na iya bayar da fili kusa da kasuwanni da tashoshin mota.

Kafin a turo kuɗi

Ga ɗan ci-ranin da ke shirin saya wa ɗan'uwansa, akwai tambayoyin da ya kamata mai sayarwa ya amsa a rubuce. Batirin dalma ne ko lithium, kuma wane nau'i? kWh nawa ne, kilomita nawa yake yi da mutum biyu? Garantin shekara nawa ne, wa zai cika shi a Maraɗi? Nawa ne sabon batir idan wannan ya mutu? Ina za a caja shi ranar da babu wuta? Idan na'urar sarrafa wutar ta ƙone, a wane shago ake samunta?

Idan babur ɗin na zuwa makaranta ne ko wurin aiki, kuma gidan na da sola, sayen ya riga ya zama mai ma'ana. Idan na kabu-kabu ne, hikima ita ce a jira tasha ta fara zuwa, ko kuma mutum goma su haɗa kuɗi, kamar adashi, su kafa ƙaramar tasu da faranti 20 da batir 15 a kan hanya guda, su riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bazara guda a kan hanyar Jiratawa ta isa ta nuna ko batirin zai kai shekara shidan da lissafin ke buƙata.